Lomar da Na Ƙi a Gondar

Tun ranar da na dawo daga Habasha ban huta ba. Mai zuwa aron turmi sai ta zauna, mai zuwa ganin jaririya sai ta miƙe ƙafa a kan angarib, gadonmu na igiya, kowa da tambayarta: "Hajja Gambo, wai da gaske ɗanyen nama suke ci? Wai da gaske an yi miki wankan coci? To shi saurayin wane ne?" Na faɗa har muryata ta dushe, kuma na lura duk wadda ta ji sai ta ƙara nata gishirin kafin ta kai gidan gaba. Shekaranjiya a suk, wato kasuwa, wata ta tare ni tana yi mini murnar aure. Shi ya sa na ce bari in ajiye shi wuri ɗaya yadda ya faru, kowa ya huta, ni ma in huta.

Duk wanda ya san ni ya san ba na tafiya. Kakanninmu sun taso daga Yamma da niyyar Makka, suka iso Gadarif, can wajen iyakar Habasha, suka sauke kaya. Ni saukewar na gada. Hajjan ma da ake kira na ta girma ce kawai. Iyakacina Hawata, gidan biki, shi ma da tukunyata na je. Don ga halina na biyu: ba na cin girkin da ban ga ɗora shi ba. Haka cikina yake tun ina yarinya, kuma murhun gidana ban taɓa sakar wa kowa ba.

Autana Abakar ya auri Almaz, 'yar Habasha da ke sayar da gahawa kusa da tashar motocin Fashaga. Yarinya ce mai kunya, ta koyi Hausa a bakina, salla kuwa ta fara tun kafin aure don ra'ayin kanta. Da cikinta ya tsufa ta tafi gidan uwarta a Gondar, kamar yadda mu ma muke yi a haihuwar fari. Ta haifi mace, aka sa mata Halima. Aka yi arba'in, shiru. Wata ya sake kamawa, shiru. Abakar yana can gona wajen yankan dawa, kullum yana hawa tarin buhuna neman inda waya za ta kama. Sai ga saƙo daga uwar Almaz, sunanta Mulu, Kirista ce: ba mijin take son gani ba. "Uwarsa ta zo. Ina so in ga matar da 'yata ke kwana da tashi a gidanta. In na gan ta hankalina ya kwanta, su tafi tare. In bai kwanta ba, yarinya da jaririya suna nan wurina."

Abakar ya zo gida ya durƙusa a gabana, duk ya rame, ƙaiƙayi a gashin kansa. "Inna, ki taimake ni. 'Yata ban taɓa ganinta ba sai a waya."

Me zan ce? Na ce to.

Aka haɗa ni da Zahara, 'yar Basunda, mai kai sabulu da turare can ta dawo da gahawa da citta. Ta iya yarensu, ta san motar da ta fi araha da ɗakin da ya fi araha, bakinta kuma ba ya rufuwa ko tana barci. Na ɗaure guzurina: dabino, abre da busasshiyar kisra, siraran wainar dawarmu, da gwangwanin dakwa, gyaɗar da na niƙa da hannuna. Da zan fita maƙwabciyata ta ja ni bayan ƙofa ta rage murya. "Hajja, ki ji ni. Duk abin da aka miƙo miki baki da hannu, kada ki ci. Da haka ake mallake mutum." Na ce mata wa zai miƙo mini abu a baki, ni yarinya ce? Muka yi dariya.

Daga Gadarif zuwa Gallabat ba wani labari, gonaki ne irin namu da zafi irin namu. Ni a zatona iyakar ƙasa katanga ce mai ƙofar ƙarfe. Ashe 'yar gada ce a kan busasshen rafi, jakuna na wucewa ba mai tambayarsu takarda. Mu kuwa aka buga mana hatimi, aka buɗe kaya. Wani ma'aikaci a ɓangarensu ya ɗaga abrena ya haska shi a rana, ya shinshina, ya kira ɗan'uwansa shi ma ya shinshina.

"Ya ce wannan takarda ce ko ɓawon itace?" in ji Zahara.

"Ki ce masa abinci ne. A jiƙa a ruwa a sha."

Ta faɗa masa, ta ƙara da nata, suka fashe da dariya. Na ce me kika ce? Ta ce, "Na ce masa kin ji labarin ƙasarsu ba abinci."

Matamma ke nan, garin da ke tsallaken gadar. Ya salam! Taku kaɗan ne daga namu, amma kamar an juya duniya. Mata kai a buɗe, kitso a waje, suna tafe suna dariya da maza kafaɗa da kafaɗa. Na ga gidaje da yawa an kafa sanda a ƙofa an kifa gwangwani a kai. Sai na ji daɗi, na ce wa Zahara mutanen nan suna da kirki, ko'ina alamar ruwan sadaka, kamar randunan da muke ajiyewa a bakin hanya. Har na nufi wata ƙofa da ƙishina.

Ta fizgo tob ɗina, mayafin da na lulluɓa. "Ina za ki? Gidan giya ne, Hajja! Gwangwanin nan shi ne allonsu."

Na dawo da baya ina a'uziyya. Can kuma na hango wasu dattawa da 'yan kwalabe masu dogon wuya, abu rawaya a ciki kamar ruwan mangwaro. Ban ko buɗe baki ba ta ce, "Shi ma. Na zuma ne. Ki riƙe ƙishinki."

A lokanda, wani masauki mai araha, muka kwana, ɗaki kamar akurki, katifa mai kuɗin cizo masu ƙiba. Na shimfiɗa tob a ƙasa. Direba ya ce mota za ta tashi sha biyu, sai na ce alhamdulillahi, zan yi wanki da hantsi. Ina sallame asuba Zahara ta ɗauki kaya. "Tashi, sha biyu ta kusa." Na ce ke kina da lafiya? Ashe agogonsu daga fitowar rana yake fara ƙirga. Shekararsu ma tana bayan tamu, watanninsu sha uku. Zahara ta ce da tsallake gadar nan na rage shekara takwas. Na ce gwiwoyina ba su sami labari ba.

Hanyar Gondar kuwa ba zan so maƙiyina ya bi ta ba. Ni 'yar ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce, inda kike hango lori tun yana kamar ƙuda. Can mota hawa take yi tana murɗawa, dutse a dama, rami a hagu wanda ba a ganin ƙasansa. Tunkiya a saman mota tana kuka, kaji a ƙarƙashin kujera, kunnuwana suka toshe, hanjina ya taso. Duk cocin da muka wuce sai mutanen motar su sunkuyar da kai su taɓa goshi da ƙirji. Ni kuma ina jan duk surar da na haddace. Matar da ke kusa da ni ta ciro lemon tsami ta huda da farce ta kara mini a hanci, na ji sauƙi. Ta miƙo mini soyayyen sha'ir a tafin hannu, na gode mata na ce na ƙoshi. Sanyi kuma ya fara shiga ƙashina tun rana tana tsaka.

Zahara ta kai ni har ƙofar gidan Mulu. "Kin zo daidai babban bikinsu, Timkat. Gobe jajibiri, jibi biki, gata da asuba motarmu. Takardarki ma iyakarta ke nan. Ki gama abin da ya kawo ki." Ta wuce kasuwa.

Mulu gajeruwa ce, cikin tufa fara sol, zanen shuɗi a fatar wuya kamar sarƙa, ƙaramin gicciye a goshi. Na miƙa hannu zan dafa kafaɗarta irin gaisuwarmu, sai ta riƙe ni ta sumbaci kumatuna dama da hagu da dama. Na sandare. Almaz ta fito da gudu ta faɗa jikina tana kuka, "Inna! Inna, ke ce da kanki?" Aka ɗora mini Halima a cinya. Wallahi Abakar ne sak, har lotsawar haɓa. Nan take gajiyar dutse ta tafi.

Sai na duba ɗakin. Ko'ina ciyawa ɗanya a ƙasa, tun daga ƙofa har ƙarƙashin kujeru. Na ce a raina, Allah sarki, mai jego ba ta samu ta share ba, tsohuwa kuma aiki ya yi mata yawa. Na hango tsintsiya a lungu, na miƙa Halima, na ɗauka na fara. Almaz ta riƙe hannuna. "Inna, don ke aka shimfiɗa! Sayowa aka yi. Haka ake tarbar babban baƙo." Maƙwabta da suka cika ɗakin suka rufe baki da mayafi. Na ajiye tsintsiya. Wannan ya wuce da dariya.

Aka kawo abinci a kan wani dogon kwando mai murfi. Injera ce, kisrarsu mai kauri mai idanu, an zuba jar miyar nama a tsakiya, ƙamshin man shanu da yaji ya cika ɗakin. Ina ta lissafin yadda zan ɗan taɓa gefe in ce tafiya ta hana ni ci. Mulu ta wanke hannu. Ta yagi injera ta naɗe nama a ciki, ta gyara shi da yatsu har ya zama loma kamar ƙwan agwagwa. Na zata bakinta za ta kai. Sai na ga hannu ya taso ya nufo nawa bakin.

Ku da kuka san mu, wa ake ba abinci a baki? Yaron goye, da majinyacin da hannunsa ya mutu, da wanda ake ɗiga wa ruwa a ƙarshe. Ga kuma maganar maƙwabciyata ta faɗo mini a rai kamar yanzu take faɗa. Na damƙe leɓe, na ja tob na rufe bakina, na kau da kai. Na ɗaga hannuna biyu na ce da Larabci, "Alhamdulillahi, hannuwana lafiyarsu ƙalau."

Hannun Mulu ya tsaya a sama, miya tana bin yatsunta zuwa gwiwar hannu. Ta daɗe a haka. Sannan ta sauke lomar a bakin tire a hankali, ta miƙe ta fita. Maƙwabta suka zame ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa na jiƙa abrena na sha, ina cewa a raina ai na yi magana da ladabi.

Da safe Almaz tana yi wa Halima wanka, idonta a kumbure.

"Inna, abin da Mama ta yi miki sunansa gursha. Ba a yi wa kowa sai wanda aka ɗauka nasu. Uwa tana yi wa ɗanta ko ya yi furfura. Ni kunyarki ce ta hana ni yi miki a gida."

"To ai ban sani ba, 'yata."

"Ba shi ke nan ba." Ta matse tsumma. "A nan mahautan Kirista daban, na Musulmi daban, ba mai cin yankan wani. Mama tun da aka haife ta ba ta taɓa taka rumfar mahaucin Musulmi ba. Saboda ke ta ratsa gari ta je, mutanen cocinsu suna kallo. Ta sayi sabuwar tukunya da sabuwar wuƙa don kada ki yi shakka. Har wata ta ce mata ko ita ma sallar za ta fara. Jiya a gaban wannan matar kika rufe baki."

Na ji kamar an zuba mini ruwan sanyin garin a baya.

"Me ta ce?"

Almaz ta sunkuyar da kai. "Ta ce gidan da hannunta ƙazanta ne, hannun 'yarta ma ƙazanta ne. Ta tambaye ni ko kin taɓa cin girkina. Inna, ban iya yi mata ƙarya ba. Ta ce ba inda za mu."

Na nemi Mulu a madafa na ba ta haƙuri, Almaz tana fassarawa. Ta saurara da ladabi, ta ce baƙuwa ba ta yi laifi ba, kowa da al'adarsa. Jim kaɗan ta aiko mini da shayi da biskit na kanti a cikin ledarsa, ba a buɗe ba. Ta ce a gaya mini wannan ba hannun kowa a ciki. Wallahi da mari ta yi mini da ya fi sauƙi. Da la'asar ta kwashe tukwanenta a kan jaki ta tafi, don sana'arta sayar da abinci ce, kuma a bikin nan take kafa rumfa kusa da tafkin da ake taruwa. Can za ta kwana.

Ranar biki Zahara ta zo da sassafe ta same ni zaune da Halima a hannu. Na gaya mata komai. Ta tafa hannu.

"Gursha kika ƙi? Ta suruka? A gaban mutane? Hajja, ke da kin zauna a Gadarif da ya fi wa Abakar."

"Kai ni rumfarta."

"Cikin wannan taron? Ke da suk ɗin Alhamis ke sa ki ciwon kai?"

"Kai ni, na ce."

Na ɗauki gwangwanin dakwata na ƙulle a tob, don ban san yaushe zan dawo ba, kuma yunwa ba ta san biki ba.

Jama'a! Ban taɓa ganin mutane haka ba. Gari gaba ɗaya fari fat, kamar an shanya auduga a kan duwatsu. Ga limamansu cikin riguna masu ƙyalli, an riƙe musu laimomi ja da kore da ruwan zinariya, wasu ɗauke da wani abu a ka an lulluɓe da zane, ba a yarda kowa ya ga cikinsa. Samari suna gudu da jar darduma, su shimfiɗa a gabansu, in an wuce su naɗe su sake rugawa gaba. Manyan ganguna suna bugawa har cikin haƙarƙarina. Mata suna guɗa, ita kam irin tamu ce sak, har na kusa tayawa. Rawarsu kuwa ta kafaɗa ce, ƙafa a tsaye, kafaɗu na karkarwa kamar zazzaɓi ya kama gari. Tsofaffi masu furfura ma suna yi.

Abinci ko'ina a bakin hanya: masara a kan gawayi, dafaffen dankali da ƙwai, rake, sambusa, gugguru, gahawa da wasu ke sa wa gishiri maimakon sukari. Muka zo wata rumfa mai jan gicciye a bango, rabin saniya a rataye. Maza cikin kwat masu tsabta suna zaune da wuƙaƙe. Na tsaya ina neman inda wutar take. Babu wuta. Mutum ya yanki jan nama, ya dangwala a yaji, ya kai baki yana lumshe ido. Na riƙe Zahara. "Ɗanye ne! Zahara, ɗanye ne, ko motsi bai gama ba!" Ta ce, "Rage murya, mai tsada ke nan."

Amma a rumfar nan na ga wani abu. Wani ƙato mai gemu ya naɗe loma ya kai bakin abokinsa, shi ma ƙato, ya buɗe baki ya karɓa ya rama masa. Gaba kaɗan wani soja da bindiga a kafaɗa yana ba wani tsoho makaho a baki. Wata amarya da mijinta. Ko'ina na juya sai hannu a bakin wani. Ni kaɗai ce a garin nan na rufe nawa.

Zahara ta tsaya cinikin masara. Ni kuma sai na lura da lemon tsami a ƙasa, nan ɗaya can ɗaya, masu kyau, ana tattakawa. Ku kun san yadda lemo ke tsada a wurinmu in rani ya yi. Zuciyata ba ta iya ba. Na fara tsinta ina zubawa a bakin tob. Ina ɗagowa sai tim! wani ya bugi ƙirjina ya faɗi gabana. Na ce to, wannan ma rabona ne. Na sunkuya na ɗauka.

Ihu ya tashi. Guɗa, tafi, fito. Samari suka kewaye ni suna tsalle da sanduna, suka turo wani siriri mai mataji a soke a gashi, fuskarsa kamar an kama shi da sata. A bayana wata kyakkyawar yarinya ta rufe fuska tana dariya. Zahara ta kutso, ta ga lemo a hannuna, ta zauna a ƙasa don dariya.

"Hajja, kin karɓa! A bikin nan saurayi yana jifan wadda yake so da lemo. In ta ɗauka ta yarda. Yarinyar bayanki ya nufa, kika tare. Mabruk! Sai mu sanar da Abakar ya yi sabon uba."

"Ki ce masa na haifi wanda ya girme shi!"

"Ya ce ya gani."

Na rasa yadda zan yi, sai na juya na kama hannun yarinyar na danƙa mata lemon na rufe yatsunta a kai. Ba ta yar ba. Wani sabon ihun ya tashi wanda ya fi na farko, yaron ya durƙusa ya sumbaci gwiwata. Daga nan suka biyo mu suna waƙa, wai ni ce uwar ɗaurin aure.

Haka muka isa tafkin, wani babban kududdufi na dutse da tsohon gini a tsakiya, saiwoyin itatuwa sun rungume katangar. Samari suna faɗawa ciki daga sama. Ban ankara ba wani limami ya juyo da tiyo, ruwa mai sanyin ƙanƙara ya same ni daga kai har ƙafa. Na ƙwala salati. Wata tsohuwa ta ga na firgita, ta tari ruwan a hannu ta shafa mini a fuska tana sa mini albarka da yarensu. Na ce, "Zahara, addinina!" Ta ce, "Ruwa ne, Hajja. Addininki ba gishiri ba ne da zai narke."

A haka Mulu ta gan ni: jiƙe sharkaf, haƙora na kaɗawa, lemo a ƙulle a tob, samari a baya suna waƙa. Tana tsakanin tukwane biyu, ɗaya ta nama, ɗaya ta shiro, miyar garin wake da ba nama a ciki. Masu ci sun cika mata bencina. Ta dube ni sau ɗaya ta ci gaba da zuba miya kamar ba ta san ni ba.

Zahara ta ce, "Me zan ce mata?"

"Kada ki ce komai."

Na ja wata 'yar kujera na zauna a gabanta, gwiwata tana taɓa tata. Na sauke tob daga fuskata. Na ɗora hannuwana a cinya. Na buɗe baki.

Ni Gambo, da jikoki, a tsakiyar titi, baki a buɗe kamar ɗan tsako. Masu ci suka daina ci. Mulu ta sallami mutum ɗaya, ta sallami na biyu. Muƙamuƙina ya fara ciwo, ƙuda ya zo ya duba ya wuce. Ban rufe ba. Wata mata a benci ta yi mata magana a hankali, na gane ta, tana cikin waɗanda ke ɗakin ranar.

Sai Mulu ta ajiye ludayi. Hannunta duk miyar nama ne, naman rumfar gicciye. Ta kira a zuba mata ruwa, ta wanke da sabulu har gwiwar hannu, ta ɗauko injera daga ƙasan tari wadda ba abin da ya taɓa, ta tsallake tukunyar nama ta je ta shiro. Tana fushi da ni, amma ba ta manta ba. Nan idona ya fara kawo ruwa, tun kafin yaji.

Yajin kuwa ba ta tausaya mini ba. Ta dangwala har sau biyu, ta naɗa lomar da ta fi ta farko, ta tura mini har yatsunta suka taɓa haƙorana. Wuta! Kunnuwana da dutse ya toshe suka buɗe a take. Hawaye da majina, ina taunawa ina shaƙewa, mutane suna tafi. Na haɗiye da ƙyar. Zahara ta ce, "Kada ki rufe, ba a yin ɗaya. Sai an ƙara." Aka ƙara. Ta biyun na ji ɗanɗanonta, kuma wallahi da daɗi.

Na ce wa Zahara ta karɓo mini kwano da tumatir da albasa. Na kwance dakwata, na yanka lemon da na tsinta na matse, na dama yadda muke yi a gida. Na wanke hannu, na naɗa a injera, na miƙa. Mulu ta dubi lomar, ta dubi mutanen cocinsu da ke benci, ta dube ni. Ta buɗe baki. Ta tauna, ta ɗaga gira, ta yi magana.

"Ta ce gishiri ya yi kaɗan," in ji Zahara. "Ta ce ki ƙara mata."

Samarin nan kuma suka ba ta labarin lemo. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, tana nuna ni da ludayi. Ranar ban koma gida ba sai da tukwane suka ƙare. Ni ce mai yanka albasa.

Da asuba a tasha Mulu ta karɓi Halima daga hannun Almaz, ta daɗe tana shinshinar kanta. Sannan ta juya ni kamar yarinya, ta ɗora mini ita a baya, ta ɗaure da majanyin fata mai wuri irin nasu, ta ja ƙulli da ƙarfi. Ta faɗi magana ɗaya, Almaz ta fassara tana share ido: "Ta ce ki riƙa ci."

Saukowa daga duwatsun ban ji tsoro kamar hawa ba, ko don akwai mai ɗumi a bayana. Abakar yana jiranmu a bakin gadar Gallabat tun hantsi. Abin da ya yi da ya ga 'yarsa ba zan rubuta ba, namiji ne, kuma kun san shi.

Saurayi dai kun ji, ba nawa ba ne, duk abin da Zahara ke yaɗawa a Basunda. Juma'ar da ta wuce na ce wa Almaz gwiwata na ciwo, ta ɗora tukunya. Ta dube ni ta dubi murhun, ta ce, "Inna, ni?" Na ce ke. Da ta sauke muka zauna, maƙwabciyata mai gargaɗi ta shigo aron rariya ta tsaya a ƙofa. Almaz ta naɗa loma, ta tsaya a rabin hanya don kunya. Na matso da kujerata.